Zafin Inji: Iskar Ta Shiga, Ta Ina Za Ta Fita?

A wani watan Afrilu na shiga Golf ta haya daga Kano zuwa Sakkwato. Tun a tasha na lura bonet ɗinta bai rufe ruf ba. Ta gaba an cusa murƙushasshiyar robar ruwa a bakinsa, an ɗaure da igiya a jikin bamba. Ta baya kuma, wajen gindin gilashi, an yi masa ciko da 'yan ƙarafa ya ɗagu kamar yatsa biyu, robar da ke liƙe wurin an ɓalle ta an yar.

"Malam direba, wannan bonet fa, lafiya?"

"Lafiya lau, Yallaɓai. Iska nake ba ta. Motar Turai ce, ba ta san zafinmu ba."

Kafin mu kai Gusau, mu da ke gaba mun fara jin hucin inji da warin baƙin mai suna bugo mu ta ramukan iska na cikin mota, allurar zafi kuwa ba ta fasa hawa ba. A Talatar Mafara muka tsaya, ya sayi fiya wata ya dinga fasawa a fuskar lagireto, tururi na tashi. Bai ga alaƙar dabararsa da abin da ya same mu ba, ni ma a lokacin ban gani ba. Tunaninsa shi ne na kusan kowa a garejinmu: inji ya yi zafi, to a buɗe masa ƙofa iska ta shiga. Ba a cika tambayar inda iskar da ta riga ta shiga, ta kwashi zafin, za ta bi ta fita ba.

Yawan zafin da ake magana a kai ba na wasa ba ne. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan kilowat 9 na awa guda, amma injin fetur na yau da kullum bai cika mayar da fiye da kashi ɗaya cikin uku zuwa juya taya ba. Wani kashin yana bin hayaƙi ta salansa, ragowar kuma ruwan inji da baƙin mai da jikin ƙarfen ne ke kwasa. Ke nan motar da ke shan lita 8 a awa a kan babban titi tana tura zafin da ya kai kilowat 20 ko fiye zuwa wajen sanyaya. Ka ƙaddara dutsen guga na lantarki guda 20 a jone, an jera su cikin akwatin da bai kai faɗin gado ba. Lagireto kuwa ba ya cinye zafi, miƙa shi yake yi ga iskar da ta ratsa ta cikinsa. Iskar nan ba ta da wurin zuwa sai ɗakin inji, inda za ta tarar da bututun da ke kwaso hayaƙi daga kan inji, wanda kan haura digiri 600 idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu.

Direban bai yi ƙarya ba da ya ambaci zafinmu. Aikin lagireto ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da ke cikinsa da na iskar waje. Ruwa mai digiri 95 a ranar da garin Jamus ke kan 15, tazarar 80 ce. Ruwan nan a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ranar da ake kan 43, tazarar ta dawo 52, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin sanyayawar ya tafi tun ba a kunna esi ba. In an kunna, ragarta da ke gaban lagireto za ta ƙara ɗumama iskar kafin ta iso. Sai dai kamfanonin da ke ƙera motocin nan sun san da ƙasashe masu zafi, suna kai sababbin motoci gwaji wurare irin su kwarin Death Valley na Kalifoniya, inda zafi kan kai 50. Sun bar rara. Rarar ce shekaru 20 na aiki a Turai, da zaman Kwatano, da hannun kanikawa suka cinye.

Ga inda gizo ke saƙar. Iska daga inda ta cunkushe take tafiya zuwa inda ke da sarari, ba ta bin son ran mai mota. Duk wanda ya kwana a ɗaki mai taga ɗaya a bazara ya san haka: ko guguwa ake yi a waje, cikin ɗakin tsit yake, sai an buɗe ƙofar da ke kallon tagar sannan labule ya fara motsi. Tsofaffin magina ma da suke barin rami a saman bangon madafa ba don iska ta shiga suka bar shi ba, hanyar hayaƙi ce. Haka lagireto yake. Abin da ke jan iska ta ratsa shi shi ne bambancin matsi tsakanin gabansa da bayansa. In gaban ya cika, bayan ma ya cika, to ko gudun 120 ake yi iskar za ta daki fuskarsa ne kawai ta zame ta gefe.

Mota mai gudu tana da wuraren da iska ke cunkushewa a jikinta da wuraren da take tsotsa. A hanci, inda raga da fitilu suke, matsin ya fi ko'ina yawa. Da iskar ta haye leɓen bonet ta lanƙwasa, sai ta ƙara sauri, matsinta ya faɗi, shi ya sa kashin gaba na saman bonet wurin tsotsa ne. Tana ƙarasawa gilashi sai ta ci karo da shi, ta rage sauri, ta sake taruwa a gindinsa. Gefen mota bayan tayoyin gaba da kuma ƙarƙashinta su ma wuraren tsotsa ne. Kuma ƙarfin duk wannan yana ninkuwa sau huɗu in gudu ya ninka sau biyu.

Shaidar cewa gindin gilashi mashiga ce tana cikin kowace mota. A nan, ƙarƙashin waifa, masu ƙira suka sa bakin da ke ɗebo wa fasinjoji iska, saboda ko fanka ba ta aiki gudun mota kaɗai zai turo ta ciki. A 1969 kamfanin Chevrolet ya fitar da Camaro mai wani bonet da ke da tudu a tsakiya, bakinsa yana kallon baya, wajen gilashi. Wanda bai sani ba zai ce mafitar zafi ce, alhali ta nan kafireto ke shaƙar iska mai sanyi. Direbanmu, ashe, ƙofofin shiga biyu ya buɗe, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma duka biyun sun kauce wa lagireto. Iskar da suka kawo ta cika ɗakin inji, ta tare wa wadda ya kamata ta ratso ta raga hanya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Duk lokacin da ya rage gudu kuma, a rami ko a shingen jami'an tsaro, sai hucin ya juyo ya fito ta bayan, kai tsaye cikin bakin iskar fasinja. Robar da ya yar aikinta ke nan, raba wuraren biyu. In da salansar tana yoyo ta sama, gubar da za mu shaƙa ita ce wadda ke kashe iyalai masu kwana da janareto a ɗaki, ba ta da wari ba ta da launi. Ban ma yi maganar bonet ɗin da igiya kaɗai ke riƙe da shi ba, ranar da ta tsinke ana tsakar gudu.

A yi masa adalci, akwai inda dabararsa ke ci. Mota a tsaye ba ta da cunkoson iska a ko'ina, zafi sama yake nema, kowace kafa ta sama mafita ce. Wanda aikinsa gosulon Mararraba zuwa Abuja ne safe da yamma zai iya rantsewa ya ga amfani, kuma ba zan ƙaryata shi ba. Haka bayan an kashe inji: famfon ruwa ya tsaya, ƙarfe yana nan da zafinsa, sai allura ta ƙara hawa na wasu mintoci kafin ta fara sauka. Wannan ne ya sa fankar wasu motoci ke ci gaba da juyawa bayan an zare makulli, abin da wasu ke ɗauka matsala ce har su kai wa mai wayarin ya yanke. A tsofaffin motoci masu kafireto, a irin wannan lokaci fetur ke tafasa cikin tiyo, ka yi ta murza makulli mota ta ƙi tashi sai ta huce. Saboda haka direbobin dogon zango da ke ɗaga bonet gaba ɗaya in sun tsaya sallah ko cin abinci daidai suke yi. Murfin lagireto ne kawai ba a taɓawa. Shi ke danne ruwan har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba, kuma da ka sassauta shi ruwan zai tashi lokaci guda, fuskarka ce mafi kusa.

Mafitar da masu ƙira suka shirya wa iskar a yawancin motoci ta ƙasa take, da kuma ramukan tayoyin gaba. Abin takaici, kayan da ke sa wannan hanya aiki su ne waɗanda aka fi rainawa a gareji, don duk roba ne da soso. Akwai wani leɓen roba a ƙarƙashin bamba ko ƙasan lagireto wanda ke tare iska ya haifar da tsotsa a bayansa. Tudun rage gudu na farko ya kan tsinke shi, ba mai waiwaya. Akwai murfin ƙasan inji, wanda yaron gareji kan cire ranar juyen mai ya jingine, in ka tambaya a ce ai gara haka, injin zai sha iska. A wasu motocin an yanka masa ramuka a daidai inda iska ke tsotsa, cire shi kuma yana barin iskar titi ta bugo sama ta cika ɗakin. Akwai soso da 'yan faifan roba da ke toshe tsakanin lagireto da jikin mota, don kada iska ta bi ta gefe. Sai babbansu, ƙawanyar da ke kewaye da fanka. Fankar da ba ta da ƙawanya daga gefenta take jan iska, wato iskar ɗakin inji mai zafi take ta juyawa, kusurwoyin lagireto kuma ba abin da ke ratsa su. Motar da ta yi karo ta gaba ta fito daga wajen mai gyaran jiki, da wuya ka samu waɗannan sun koma cikakku. Fenti ya yi kyau, an karɓi kuɗi, bazara ta zo a ce motar ce mai obahitin.

Daga nan sai a ba ka shawarar lagireto mai layi biyu. Wani lokaci yana taimakawa, musamman in tsohon ya toshe da gishirin ruwan rijiya. Amma mai kauri ya fi wuyar ratsawa, in hanyar iskar a lalace take ka ƙara mata shinge ne. Kafin a kashe wannan kuɗi, motar da kanta tana faɗin ciwonta. Wadda ke zafi a gosulo ta huce a kan titi, a duba fanka da ƙawanyarta. Wadda ke lafiya a cikin gari sai an miƙe hanya ta fara hawa, a duba toshewa ciki da waje, ƙurar hunturu da ƙwari da leda da ke maƙalewa tsakanin ragar esi da lagireto, a duba leɓen ƙasa, in duk suna nan a gwada gasket ɗin kan inji.

Cire tamostat da haɗa fanka dairek, waɗanda suka zama kamar al'adar maraba da kowace motar Kwatano, ba su taɓa wannan matsala ko kaɗan. Tamostat yana buɗewa ne wajen digiri 82 zuwa 90, a tsakar ranar bazara a buɗe yake dama, to me aka ƙaru da cire shi? Abin da aka samu shi ne injin da ba ya kai zafin aikinsa da safe ko a hunturu, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake ta dinga ƙara masa fetur, a kuɗin da lita ta kai tun bayan cire tallafi a 2023. A injunan da tamostat ke rufe gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe, cire shi na sa wani ruwan ya dinga zagaye bai je lagireto ba. Fankar dairek kuwa a kan babban titi aikin banza take, don da mota ta wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa iskar gudu ta fi tata. Kashe kanta kawai take yi, ta mutu ranar da ake bukatarta.

Ramin fitar da zafi ba baƙon abu ba ne a tarihin mota. Motocin kafin yaƙin duniya na biyu gefen bonet ɗinsu cike yake da tsaga-tsaga. Mercedes 300 SL ta 1954 tana da manyan ramuka bayan tayoyin gaba. Ford GT40 da ta ci tseren Le Mans na Faransa sau huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969, iskar lagiretonta ta wani rami a saman hanci take fita kai tsaye. Mitsubishi Lancer Evolution ta sa nata a kashin gaba na bonet, bayan lagireto, saman turbo. Duk a wuraren tsotsa. Tudun da ke kan Subaru WRX kuwa, wanda samari ke kwaikwayo, baki ne na shiga, yana kai iska ga wata raga ta daban da ke kwance saman inji. Na ado ma sun daɗe: Buick ta fito da 'yan ramukanta na gefe a 1949, ba a jima ba aka toshe su suka zama kwalliya, jikokinsu ne na robar da ake liƙa wa motoci da gam a kasuwar kayan ado.

Abin da ke faruwa in an matse inji a wurin da zafi ba shi da hanya, Nissan ta gani a Amurka. Ƙaramar bas ɗinta ta dangin Vanette, 'yar'uwar C20 da muka sani, injinta a ƙarƙashin kujera yake. Da za a kai ta can a 1987 sai aka sa mata babban inji mai lita 2.4 don ya ja esi ya yi gudun manyan titunansu, a ɗakin da aka auna wa ƙarami. Tiyo suka dinga gasuwa, gobara ta dinga tashi. Bayan kiranye-kiranyen gyara da ba su kashe matsalar ba, a 1994 kamfanin ya nemi saye motocin daga hannun masu su, sama da 30,000, aka murƙushe waɗanda aka karɓo. Masu ɗora injin da ya fi na asali girma a bas ɗin haya su riƙe wannan labari. Tsohuwar Beetle da aka harhaɗa a Legas daga 1975, wadda iska kaɗai ke sanyaya ta, darasinta ɗaya ne ta wata fuska: wata roba ce ke raba saman injin, inda fanka ke shaƙa, da ƙasansa, inda zafi ke fita, in ta ruɓe sai injin ya koma shaƙar hucin kansa. 'Yan adaidaita sahu da ke barin ƙofar bayan inji a buɗe ba su yi ɓarna sosai ba, mai ɓarna shi ne wanda ya cire murfin da ke bi da iskar fanka kan silinda.

To a yanka ko kar a yanka? A ganina motar gida ko ta haya da kayanta suke cikakku ba ta bukata. Wanda ke da hujja shi ne mai turbo da aka ƙara wa ƙarfi, ko mai jan kaya a yashi da ƙaramin giya, inda inji ke ihu mota kuma ba ta gudun da zai kawo iska, irin tafiyar da ake yi arewa da Agadas. Shi ma ya san abin da zai samu: batir da wayoyi da tiyo za su ƙara kwana, tun da zafi ne ke cin su, kuma in injin daga cikin ɗakin yake shaƙa, iskarsa za ta ɗan yi sanyi, wanda ba ƙaramin abu ba ne, don kowane ƙarin digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100. Amma rami ba ya warkar da lagireton da ya toshe. Kuma yana da kuɗinsa: ruwan damina zai sauka kan abin da ke ƙarƙashinsa, in na'urar cajin batir ce ko akwatin fis ko ramukan fulogi, ka sayi wata rigimar. Sau da yawa mayar da farantin gwangwanin nan da ke rufe bututun hayaƙi, wanda aka cire don yana ƙara, ya fi yankan amfani.

Wanda ya nace, ya auna kafin ya kai wa mai walda, kuma awon bai kai kuɗin kwanon abinci ba. A samo dogon siririn tiyo mai gani-har-hanji, irin na ƙarin ruwa, a lanƙwasa tsakiyarsa kamar ƙugiya a liƙa a kan kwali, a zuba masa ɗan zoɓo don a riƙa ganin ruwan. Baki ɗaya a liƙa shi da salatif a cikin bonet, ɗayan a samansa daidai wurin, kwance, kada ya fuskanci iska. Wani ya riƙe kwalin a kujerar gaba, direba ya sa ido a kan titi, a kai gudun 80 a hanyar da ba kowa. Bambancin ba zai wuce santimita ɗaya ko biyu ba, amma ana ganinsa. In ruwan ya hau ta ɓangaren bakin da ke waje, rami a nan zai fitar da zafi. A matsa da bakunan gaba da baya a sake gwadawa. A yawancin motoci, tazarar taƙi ɗaya ko biyu daga leɓen bonet zoɓon zai hau sosai, a tsakiya ya lafa, a gindin gilashi kuwa, inda direbanmu ya yi cikonsa, ta ɗaya ɓangaren yake hawa.